Riƙe Libarba A Mota A Abuja: Kariya Ce Ko Jidali?

DUK wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Keffi da la'asar sakaliya ya san yadda motoci kan yi cincirindo tun daga AYA har Nyanya da Mararaba, a yi ta jan jiki kamar ba za a isa ba. Haka abin yake a babban titin Murtala Mohammed wanda ya nufi Kubwa da Zuba, haka kuma a hanyar filin jirgin sama wajen Lugbe. Dalili kuwa shi ne, yawancin ma'aikatan babban birnin tarayya ba a cikin gari suke kwana ba. Wani a Bwari yake, wani a Gwagwalada ko Kuje, wani ma sai ya tsallaka Jihar Neja ko ta Nasarawa kafin ya ga iyalinsa. Saboda haka mota ta zama wa ma'aikacin Abuja ɗaki na biyu, kuma a cikinta ne tsoro ya fi kama shi.

Tsoron nan ba na banza ba ne. Akwai 'yan fashin nan da ake kira 'yan wan-cans, masu shigar direbobin haya su ɗauki fasinja su yi masa ƙwace, wani lokaci su wurgo shi waje mota na cikin gudu. Akwai sace mutane a hanyar Abuja zuwa Kaduna, wanda ya kori matafiya zuwa jirgin ƙasa, har shi ma jirgin aka kai masa hari ran 28 ga watan Maris na 2022. Ran 5 ga watan Yuli na wannan shekara aka fasa gidan yarin Kuje. A watan Janairu na 2024 kuma masu garkuwa da mutane suka addabi yankin Bwari, suna bin jama'a har cikin gidajensu. A wannan wata ne Sanata Ned Nwoko na Jihar Delta ya fito da maganar a yi dokar da za ta yarje wa farar hula su mallaki bindiga, amma Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya ce bai goyi bayan haka ba, domin a ganinsa hanya ce ta kawo zaman kara-zube.

To, a irin wannan hali ne za a ji mai abin hannu yana tambayar abokinsa a asirce, ina ya fi dacewa a ajiye ƙaramar bindiga a cikin mota, ƙarƙashin kujera ko aljihun gaba? Amma akwai tambayar da ta riga wannan, wadda ba a cika yi ba.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar bindigogi ta Nijeriya tun ta 1959 ce, watau ta girmi 'yancin kan ƙasar da shekara guda, kuma har yanzu ita ce ake aiki da ita. Ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin na maharba, waɗanda sha'aninsu ke hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Akwai waɗanda mutum zai iya mallaka don kansa, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko mai baki biyu, su kuma Sufeto-Janar na 'Yan Sanda ne ke ba da lasinsu. Sai kashi na uku, watau bindigogin da aka haramta, waɗanda ba mai ikon ba da lasinsu sai Shugaban Ƙasa, shi ma in ya ga dama.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, libarba da sauran ƙananan bindigogin hannu suna cikin wannan kashi na uku. A sahu ɗaya doka ta jera su da igwa, da gurneti, da bindiga mai sarrafa kanta, da bindigogin soja. Ba ƙanƙantar abin aka duba ba, sauƙin ɓoye shi aka duba, domin bindigar da za ta shige aljihun kaftani ta fi doguwar bindigar maharbi amfani ga mugu. Wanda aka kama da irin wannan ba tare da lasin ba, hukuncinsa bai gaza ɗaurin shekara goma ba. Dokar soja mai lamba 5 ta 1984 game da fashi da makami, wadda ita ma tana nan daram cikin dokokin ƙasa, ta tanadi tarar Naira 20,000 ko ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko kuwa a haɗa wa mutum duka biyu. Naira 20,000 a 1984 dukiya ce, yau kuwa ba za ta cika tankin mota ba. Amma shekara goma tana nan shekara goma.

Ko lasin bindigar farautar ma ba kowa ake ba ba. Doka ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka taɓa samu da laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Bugu da ƙari, a watan Agusta na 2023 Sufeto-Janar na lokacin, Mista Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin, bisa dalilin cewa makamai sun riga sun yi yawa a hannun jama'a. Kafin wannan, a watan Yuni na 2022, gwamnatin Jihar Zamfara ta Alhaji Bello Matawalle ta umarci mutanenta su nemi bindiga don kare kansu daga 'yan ta'adda, amma Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito fili ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Su ma kamfanonin gadi masu zaman kansu, dokar 1986 da ta kafa ƙa'idojinsu ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga.

Ke nan a titunan Abuja, masu riƙe ƙaramar bindiga a mota bisa halal su ne jami'an tsaro, watau 'yan sanda da sojoji da jami'an tsaron farin kaya da makamantansu, sai kuma 'yan tsirarun da ke da lasin Shugaban Ƙasa. Duk wani ɗan kasuwa ko ɗan kwangila da ya saye ta a bayan fage ya cusa a ƙarƙashin kujera, ya riga ya zama mai laifi tun kafin ya ta da mota, ko da kuwa bai taɓa nuna ta ga kowa ba.

RANAR JUMA'A A IKOYI

Tarihin kafa Abuja kansa yana ɗauke da labarin ƙaramar bindiga a cikin mota. Ran 3 ga watan Fabrairu na 1976 Janar Murtala Ramat Mohammed ya shaida wa ƙasa cewa za a ta da babban birni daga Ikko, watau Legas, a dawo da shi tsakiyar ƙasa. Kwana goma bayan haka, ran Juma'a 13 ga wata, ya fito da safe zai tafi ofis a barikin Dodan cikin baƙar Marsandi, ba jiniya, ba rakiyar soja. Abin da ake iya gani na tsaro a motar shi ne ƙaramar bindigar da odilansa ke riƙe da ita. Motar ta shiga cunkoso kusa da Sakatariyar Tarayya a Ikoyi, sai sojojin da ke tare da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe mata wuta. Nan take aka kashe Shugaban Ƙasa tare da dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa, da direbansa. Motar tana nan a gidan tarihi na Onikan a Ikko, da ramukan harsashi a jikinta.

Waɗanda ke cikin motar nan duka sojoji ne da suka san makami, Murtala kuwa ya jagoranci runduna a yaƙin basasa. Amma mutumin da ke zaune cikin mota a gosulo tamkar yana cikin akurki ne. Gabansa mota, bayansa mota, ƙofa da gilashi ba sa tare harsashi, sa'an nan wanda ya yi kwanton ɓauna shi ya zaɓi wuri da lokaci, kuma bindigarsa tana ɗane tun kafin a gan shi. Irin wannan fifiko ne ɗan fashin Nyanya ko na Karu ke da shi a kan direban da ya tare, ko da bai taɓa shiga bariki ba. Direban da aka ɗora wa bindiga a kunne, idan ya kai hannu aljihun mota, ya ba ɗan fashi dalilin harbi ne kawai. Wani bincike da aka yi a birnin Filadelfiya na Amurka, aka buga a 2009, ya gano cewa masu ɗauke da bindiga sun fi marasa ita yiwuwar a harbe su a lokacin farmaki har wajen ninki huɗu da rabi. Masana sun yi ta gardama a kan dalilin hakan, amma dai sakamakon bai goyi bayan masu ganin bindiga laya ce ba.

INA AKE AJIYE TA?

Ga wanda aikinsa ya wajabta masa riƙe ta, matsalar ita ce abubuwa biyu ne ke jan juna. Yana son ta kasance kusa da hannu, yana kuma son kada ta tashi da kanta ko ta faɗa hannun wani. Duk abin da ya ƙara ɗaya sai ya rage ɗaya, kuma a nan ne mutane da yawa kan yi wa kansu ɓarna, su zaro bindiga su ɗora a kujerar gefe, ko a cinya, ko su soke ta tsakanin kujera da giya, wai don sauri.

Abin da ya faru a birnin Miyami na Amurka ran 11 ga watan Afrilu na 1986 ya isa misali. Jami'an hukumar FBI su takwas suka bi wasu 'yan fashin banki biyu a mota, da nufin su tare su. Ɗaya daga cikin jami'an ya zare libarbarsa daga kube ya ajiye a kujera don ya kasance cikin shiri. Da motocin suka yi karo, sai ƙofarsa ta ɓalle, bindigar ta yi nata wuri, aka yi musayar wutar ba shi da makami a hannu. Wani jami'in ma haka tasa ta suɓuce a karon, sai da ya koma ga ta biyu da yake ɗauke da ita. An kashe 'yan fashin, amma jami'ai biyu sun rasu, biyar sun ji rauni. Har gobe masu horar da jami'an tsaro suna kafa hujja da wannan rana.

Dalilin a fili yake. Duk abin da ba a ɗaure ba a cikin mota, idan aka taka birki da ƙarfi ko aka yi karo, ci gaba zai yi da tafiya da saurin da motar take yi. Ƙaramar bindiga cike da harsashi takan kai kusan kilo guda, ƙarfe ne zalla. Za ta iya bugun fasinja, za ta iya gangarawa ƙarƙashin birki ta hana shi takuwa, za ta kuma iya shigewa inda hannu ba zai kai ba a daidai lokacin da ake nemanta. Shi ya sa ƙa'idar da aka fi yarda da ita ita ce bindiga ta zauna cikin kube mai tauri wanda ya rufe kunamarta ruf, kuben kuma yana ɗaure a jikin mai ita. Ƙasar Afirka ta Kudu ma sa wannan ta yi cikin dokarta ta 2000, inda ta ce mai ɗauke da ƙaramar bindiga a bainar jama'a sai ya sa ta cikin kube da aka yi dominta, ko cikin jaka makamanciyarsa, a rufe ta gaba ɗaya, kuma ta kasance ƙarƙashin ikonsa.

A Nijeriya akwai wani ƙarin cikas. Tun ran 2 ga watan Afrilu na 1972 aka koma tuƙi ta hannun dama, sitiyari ya koma hagu. Saboda haka makullin bel ɗin kujerar direba yana faɗowa ne a kwankwasonsa na dama, daidai inda mai amfani da hannun dama ke rataya kube. A haɗa da babbar riga ko doguwar kaftani ranar Juma'a, sai zaro bindigar ya zama aiki. Wasu sukan ce to bari su bar bel ɗin a kwance. Wannan kuwa wauta ce, domin haɗarin mota ya fi ɗan fashi kusa da direban Abuja, musamman a waɗannan faffaɗan tituna da ake sheƙa gudu a kansu, kuma tun farkon 2003 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya take tilasta ɗaura bel. Maganin abin shi ne mutum ya gyara zaman kube da rigarsa tun mota tana tsaye, ya bar su haka har ya sauka.

Yawancin harbin kuskure a mota yakan auku ne lokacin da ake taɓa bindiga, watau wajen zarowa, ko mayarwa, ko cire harsashi a wuri mai ƙunci inda bakinta ke kallon cinyar mai ita ko bayan kujerar wani. Bindigar da ke kwance cikin kubenta ba ta tashi. Ko zafin ranar watan Maris na Abuja, wanda kan mai da mota tamkar tanda, bai kai ya ta da harsashi ba. Yatsa ne ke tayar da shi, ko wani abu da ya shiga ya danne kunama, kamar mabuɗi ko biro a aljihun mota da aka cika da tarkace. Tsofaffin ƙa'idojin nan na bariki ba su canza ba don an shiga mota: a ɗauki kowace bindiga a kan tana ɗane, kada a nuna bakinta ga abin da ba a yi niyyar harbi ba, yatsa kuma ya nisanci kunama. Direba kuwa hannunsa na sitiyari ne. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin wajen mita 28 a kowace daƙiƙa, ke nan wanda ya sunkuya daƙiƙa biyu yana laluben wani abu ya yi tafiyar fiye da mita 50 a makance. Shi ya sa a aikin rakiyar manya ake raba aiki, direba daban, mai makami daban. Idan aka ga alamar tarko a hanya kuma akwai sarari, ficewa da motar ta fi tsayawa a yi musayar wuta.

IDAN AN FITA DAGA MOTAR

Wurare da dama a Abuja ba a shiga da makami, kamar bankuna da ofisoshin jakadanci da filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, sai mutum ya ga ya fi masa sauƙi ya bar ta a mota. Mota kuwa ba sito ba ce. Aljihun gaba da ƙarƙashin kujera su ne wuraren da ɓarawo ke fara dubawa, kuma su ne wuraren da yaro ke fara buɗewa idan aka bar shi yana jiran mahaifinsa. Ga mai wankin mota, ga bakanike, ga direban gida da ake aike. A Amurka, inda aka fi tattara lissafi, wani rahoto da aka fitar a 2024 bisa alkalumman FBI ya nuna cewa a 2022 an kai ƙarar satar bindigogi kusan 112,000 a biranen da aka duba, fiye da rabinsu kuma daga cikin motoci aka ɗauke su. Bindigar da aka saya don tsoron ɗan fashi, sai ga ta a hannunsa. Inda ya zama dole a bar ta, sai a cire harsashi, a kulle ta cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaure a jikin motar, inda ido ba ya gani. Dokar 1959 ta ɗora wa mai lasin alhakin tsare bindigarsa a kowane lokaci, idan kuwa ta ɓata ko an sace, wajibi ne ya sanar da hukumar da ta ba shi lasin cikin kwana 14.

Sai kuma shingen bincike, wanda Abuja ba ta rabo da shi, musamman da dare a mashigan gari. Ɗan sandan da ya haska tocila ya hango ƙarfe a gefen direba ba zai tsaya tambayar takarda ba, domin shi ma ransa yake ji. Mutanen birnin ba su manta da matasan nan shida 'yan kasuwar Apo ba, waɗanda 'yan sanda suka kashe a watan Yuni na 2005 aka ce 'yan fashi ne, daga baya bincike ya nuna ƙarya ce, har Babbar Kotun Abuja ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa a 2017. Waɗannan ba su ɗauke da makami ma ke nan. Mai riƙe da bindiga bisa halal, abin da ya kamace shi shi ne ya tsaya sosai, ya kunna fitilar cikin mota, ya ɗora hannuwansa a sitiyari, ya faɗi ko shi wane ne da inda bindigar take da bakinsa, kada kuma ya kai hannu wajenta da sunan zai nuna.

Akwai kuma haɗarin da ke fitowa daga zuciyar mai bindigar kansa. Tuƙin Abuja da yamma ba ya rasa zage-zage, wani ya sha gabanka, wani ya goge maka fitila. Masu bincike na Jami'ar Harvard sun buga sakamakon wani nazari a 2006 wanda ya nuna cewa direbobin da ke tafiya da bindiga a mota sun fi sauran yawan yi wa wasu daƙuwa da bin su a guje don fushi. Rigimar da za ta ƙare a bakin fenta, idan akwai libarba a kusa, tana iya ƙarewa a maƙabartar Gudu. Doka kuma ba za ta karɓi fushi a matsayin uzuri ba. Gaskiya ne sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya amince da kare kai, haka ma kundin Final Kod da ake aiki da shi a Abuja da jihohin Arewa, amma da sharaɗi: kada ƙarfin da aka yi amfani da shi ya wuce abin da ake bukata don tsira. Wanda ya harbi ɓarawon waya yana gudu, ko direban da ya zage shi, kotu ce za ta tambaye shi, kuma tambayar farko ita ce ina lasin.

Mai bindigar farauta da ke da sahihin lasin, idan zai fita da ita daji wajen Abaji ko Kwali, nasa mai sauƙi ne: ya cire harsashi, ya sa ta cikin jakarta a but, harsashi a wani wuri daban, lasin kuma a aljihunsa don nuna wa ɗan sanda in ya nema. Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne magajin da ya tsinci libarba a kayan mahaifinsa, tsohon soja ko tsohon ɗan sanda, ya ce bari ya ajiye ta a mota saboda halin da ake ciki. Lasin ba ya cikin abin da ake gada. Ko da mamacin yana da shi, kwana 14 kawai doka ta ba wanda kayan ke hannunsa, daga nan sai ya miƙa ta ga 'yan sanda. Tun 2021 kuma akwai Cibiyar Ƙasa ta Hana Yaɗuwar Ƙananan Makamai a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, mai hedkwata a Abuja, wadda ke karɓar makaman da aka ƙwace ko aka miƙa daga hannun hukumomin tsaro tana lalata su.